Mtu-ignore: magani ne ko rufe ciwo da tsumma?

Na Illela: Salamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu OSPF, tsarin da rautoci (na'urorin da ke tura bayanai tsakanin netwok) ke sanar da juna hanyoyi da shi, ya ƙi ƙulla maƙwabtaka tsakanin rautarmu ta Sakkwato da ta reshen Illela. Ping, saƙon gwajin layi, na tafiya lafiya lau, amma OSPF ya cije a EXSTART, matakin fara musayar bayanai. Na sa umarnin ip ospf mtu-ignore, mai hana rauta duba MTU (iyakar girman ƙunshin bayanai da ake aikawa a layi), nan take ya koma FULL, wato maƙwabtaka ta ƙullu. Duk mai wahalar da kansa da lissafin MTU ɓata lokaci yake.

Oga Injiniya: Ƙanena, ba ka warkar da komai ba, baki ka toshe masa. Nawa ne MTU a kowane gefe?

Na Illela: Sakkwato 1500, Illela 1400. Masu layin rediyo sunka ce a rage.

Oga Injiniya: To ka ji. Ba banza sunka ce a rage ba, layin ba ya ɗaukar babban ƙunshi. Hello, saƙon gaisuwar rautoci, ƙarami ne, duk daƙiƙa 10 yana wucewa sumul, shi ya sa rautocin sunka ga juna. Lokacin musayar DBD (taƙaitaccen jerin bayanan hanyoyin da kowace rauta ta sani) ne kowace ke faɗin MTU ɗinta, wadda ta ga na maƙwabciyarta ya fi nata sai ta ƙi karɓa. Ƙin nan gargaɗi ne. Yanzu hanyoyinka ba su da yawa, saƙonnin ƙanana ne. Ranar da anka ƙara reshen Tambuwal da na Wurno, LSU (saƙon da ke ɗauke da cikakken bayanin hanyoyi) ya kumbura ya wuce 1400, Sakkwato za ta aika, rediyo ya yar, ta sake aikawa, har maƙwabtakar ta faɗi. Kuma irin wannan da tsakar dare yake zuwa.

Hajiyar Sabar: Oga, a yi masa adalci. Cisco, masu ƙera rautoci, ba su sa umarnin don ado ba. In kayan kamfani biyu ne, kowa da yadda yake ƙirga MTU, alhali layin na ɗaukar komai, yana da amfani.

Oga Injiniya: Na yarda Hajiya, in layin na ɗauka. Nan fa ba ya ɗauka.

Na Illela: Oga, wa ya tabbatar? Tun jiya bai faɗi ba.

Hajiyar Sabar: Gwaji ai ba tsada. Daga Sakkwato yi ping da girman 1500 ka sa df-bit, alamar da ke hana a gutsuttsura ƙunshin.

Na Illela: Ɗigo biyar. Ko ɗaya bai dawo ba. Da 1400 duka sun dawo.

Oga Injiniya: Sa ip mtu 1400 a gefen Sakkwato, ka cire mtu-ignore ɗin.

Na Illela: Sai bayan la'asar, yanzu mutane na aiki. Amma in ya sake cijewa, wallahi mayar da abina zan yi.