Kano zuwa Accra da Hajiya: shatar mota ko bas?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa bin hanyar nan. Za a aurar da 'yar ƙanwar mahaifiyata a Nima, cikin Accra, bayan Babbar Sallah, kuma Hajiya ta ce ƙafata ƙafarta. Mu huɗu ne: ni, ita, maiɗakina da yaronmu ɗan shekara shida. Kuɗin jirgin mutum huɗu zuwa da dawowa ya fi ƙarfina. Niyyata mu yi shatar Sienna daga Legas, direba ya kai mu, ya jira kwana biyar, ya dawo da mu. To jiya wani maƙwabcina a Kantin Kwari ya ce kada in kuskura, in hau bas kawai. Damuwata Hajiya ce, tana fama da gwiwa, ga ciwon suga. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Baban Khalifa, Agege

Wa alaikumus salam. Malam, maƙwabcinka ya faɗa maka gaskiya. Ni na yi shatar nan sau ɗaya, kuma ban ƙara ba.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne mota ma tana da nata fasfon. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga Ghana ba biza har kwana 90, amma kai ta ba, ba motar haya ba. Ita sai da inshorar nan ta ECOWAS mai launin ƙasa-ƙasa, sai lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, sai takardar shigar da mota ta wucin gadi da kwastan ke bayarwa, wadda a ɓangaren Faransanci suke kira lesefase. Kuma kowace ƙasa da tata. Tsakanin Legas da Accra boda uku ce: Seme, sannan Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao. Kowacce akwai fita akwai shiga.

Direban da muka ɗauka ya rantse takardunsa sun cika. Da muka isa ɗaya daga cikin bodojin aka ga sunan da ke takardar motar ba nasa ba ne, kuma ba shi da wasiƙar izini daga mai motar. Awa huɗu muna zaune a rana da yara. Ƙarshe muka sauke kaya, muka tsallaka da ƙafa, muka sake biyan wata motar. Kuɗin shatar da na bayar rabi ne ya dawo.

A bas kuwa wannan ciwon kan duk na kamfani ne. Naka kawai fasfo da katin rigakafin shawara.

Maman Ilham

Ƙanena, ni atamfa da yadi nake sarowa, hanyar nan na bi ta ya fi sau goma, duk a bas. Bari in faɗa maka yadda abin yake.

Daga Kano za ku hau babbar bas a New Road ta Sabon Gari, ku kwana a hanya. Kada ka yarda ku sauka Legas da asuba ku zarce. Wannan tafiyar kaɗai ta kai kilomita dubu, ko mai lafiya sai ƙafarsa ta kumbura, balle Hajiya. Ku kwana ɗaya ko biyu wajen 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba. Motocin Accra irin su ABC da Chisco da sassafe suke tashi, ka je tashar kwana ɗaya kafin tafiya ka yanki tikiti, ka roƙi kujerun gaba kusa da ƙofa.

Kafin a tashi ma'aikacin kamfani zai karɓi fasfon kowa, shi zai kai a buga a kowace boda. Wani wurin za a ce kowa ya sauko ya taka, a duba fuska da kati, a koma mota. Ka tambaya tun a tasha ko akwai ƙarin kuɗi ga fasfon da ba a taɓa bugawa ba, don ni a tafiyata ta farko an caje ni, kuma ban shirya masa ba.

A taswira tafiyar ba ta kai kilomita ɗari biyar ba, amma ka sa a ranka wuni guda ce. Shingayen da ke tsakanin Badagry da Seme kaɗai sun isa su cinye maka safiya. Akwai ranar da muka shiga Accra da magariba, akwai ranar da sai sha ɗayan dare.

Sallah ita ce matsalar da ba wanda zai gaya maka a tasha. Direba ba zai tsaya don lokaci ya yi ba. Ni da buta da 'yar darduma nake tafiya a jakar hannu, in an tsaya a boda in haɗa azahar da la'asar in yi ƙasaru. Guzurin Hajiya ku yi shi daga gida, kada ku dogara da abincin mota, mai suga ba ya jiran sai an raba. Magungunanta su kasance cikin kwalinsu tare da takardar likita. Kuma a ɗaukar mata mayafi mai kauri, sanyin na'urar motar yana shiga ƙashi.

Ɗan Maraɗi

Gaisuwa ga kowa. Na san wani zai ce maka ka bi ta wajenmu, Jibiya, Maraɗi, Yamai, Wagadugu, ka shiga Ghana ta Paga ka gangara Tamale da Kumasi. Da can mun sha bin ta, motocin Rimbo da Sonef suna zirga-zirga, kuma daɗinta shi ne Hausa tana kai ka nesa. Kusan sawun kakanninmu fataken goro ne da suke zuwa Gwanja. Amma yanzu ban yarda ka ɗauki tsohuwa da yaro ka bi gabashin Burkina ba, wajen Kancari da Fada Ngurma babu tsaro. Ga shi Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ka bi ta bakin teku.

Nas ɗin Gyaɗi-Gyaɗi

Katin rigakafin shawara, wanda ake ce wa yalo kad, ku yi shi yanzu, har yaron. Allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har ƙarshen rayuwa. Ku je ofishin lafiya na filin jirgi a yi muku ta gaske, kada ku sayi kati a hannun ɗan kamasho. A faɗa wa ma'aikacin shekarun Hajiya da ciwonta kafin a yi mata. In tana amfani da insulin, a sa shi a ƙaramar kula, kada ya shiga but ɗin mota, wajen kaya.

Abu Sabon Zango

Sannu ɗan'uwa, muna maraba da ku. Ni a Accra aka haife ni. Motar da za ta kwana biyar tana jiranka asara ce, don abincin direba da makwancinsa duk a wuyanka suke, kuma bai san gari ba. A nan akwai tasi, akwai Bolt da Uber, akwai trotro, wato ƙananan bas na haya. Daga Circle, babban shataletalen cikin Accra, zuwa Nima ba nisa. Ranar ɗaurin aure in kuna son mota ta wuni guda, dangin amarya za su samo muku ta gida da direban da ya san lungunan Nima da Mamobi.

Ka tuna agogonmu da na Togo yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, ka faɗa wa mai tarbarku lokaci da agogon Ghana. Kuɗi kuma ka riƙe 'yan sefa don ruwa da banɗaki a Benin da Togo, sidi, kuɗin Ghana, kaɗan don daren farko. A boda in za ka yi canji ka ƙirga a gaban mutum kafin ka miƙa naka. Da safe a kawo wa Hajiya koko da ƙosai, za ta ga kamar ba ta bar Fagge ba, sai dai a ce kada a sa sukari.

Alhajin Kwatano

Ni ban goyi bayan doguwar bas ɗin kai tsaye ba saboda gwiwar Hajiya. Lokacin da na kai mahaifina Lome yanka tafiyar na yi. Muka hau ƙaramar mota daga Mile 2 zuwa Seme, muka tsallaka, muka kwana a unguwar Zango ta Kwatano, washegari muka ƙarasa. In ya gaji mu tsaya, lokacin sallah mu tsaya. Daga Lome kuma Aflao a bakin gari take. Sai dai gaskiya ni ina jin Faransanci, kuma ni na riƙa kai fasfo da kaina a kowace taga, ga ɗaukar kaya daga wannan mota zuwa waccan. Wanda bai taɓa fita ba zai sha wuya.

Ɗan Fagge

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Hajiya duka, ta ce bas ɗin za ta hau, in dai za a kwana biyu a Agege tukuna. Shata na fasa. Alhaji, ban taɓa tsallaka boda ba kuma ba na jin Faransanci, don haka taka hanyar sai wani karon. Litinin za mu je rigakafi, in biya Wapa in nemi sefa.

Anti Maman Ilham, saura tambaya ɗaya: muna da akwati biyu na kayan gara da turamen atamfa goma na gudummawa. Awo ake yi a tasha ko ƙirga akwati, kuma kwastan za su ɗauke su kayan sayarwa ne?