Abin da makanikai suka ce kan goge cikin silinda

Tambayar ita ce: in an sauke inji za a sa sabon ringi (zoben ƙarfe da ke jikin fistin), dole ne a goge cikin silinda, wato ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki, da dutsen gogewa? Kusan kowa ya ce dole. Silindar da ta daɗe tana aiki takan yi sulɓi kamar madubi, baƙin mai ba ya samun wurin maƙalewa, ringi kuma ba zai zauna ba. Shi ya sa mota ke hayaƙi bayan gyara.

Amma a fara da awo. Gogewa ba ta gyara silindar da ta buɗe daga sama ko ta daina zama da'ira. In farcenka na maƙalewa a zanen jikinta, sai dai a kai bulok, wato gangar jikin injin, a ƙara faɗin silindar da 0.25 ko 0.50 na milimita, a sa fistin daidai da ita.

Wajen aikin, a zuba mai, injin gogewa ya juya a hankali, hannu na kai da komo, har layukan da dutsen ke bari su gitta juna kusan digiri 45. Kada a tsaya wuri ɗaya.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne wanki. Wasu sun ce fetur ya isa. Ni ina bayan masu cewa ruwan zafi da sabulu da buroshi, domin garin dutsen na ɓuya cikin layukan. A yi ta shafa farin ƙyalle har ya fito ba toka-toka, sannan a shafa mai nan take, don tsatsa ba ta jira.