Zanen barkwanci ko zanen zambo?

Jama'a, a taimaka da kalma. Me za mu kira zanen da jaridun Turai da Amurka suka riƙa tsokanar manyan limaman coci da shi a ƙarni na 19, wanda Turawa ke ce wa karikaca?

Kafafen labarai sun saba da "zanen barkwanci". Ni dai bai gamsar da ni ba. Ku dubi wanda mai zane Thomas Nast ya yi a mujallar Harper's Weekly ta Amurka a 1871: bishop-bishop na Katolika suna rarrafowa daga kogi a siffar kadoji, dogayen hulunansu masu baki biyu sun zama muƙamuƙai cike da haƙora, sun nufi yaran makaranta a bakin gaɓa. Rigimar kuwa ta kuɗin gwamnati ce, ko za a ba makarantun coci a New York. Ina barkwanci a nan? Wannan ai cin fuska ne da gangan.

Wani ya kawo "zanen habaici". Malam, habaici ba ya kama suna, mai kaza a aljihu ne ke tsarguwa. Su kuwa waɗannan fuskar mutum suke zanawa ƙarara. A 1875 mujallar Kladderadatsch ta Berlin ta zaunar da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, da Fafaroma Pius na 9 suna buga darar Turawa, lokacin da gwamnatin Prussia, babbar jihar Jamus ta wancan zamani, ke ɗaure limaman da suka ƙi bin dokokinta. Kowa ya gane su.

"Zanen ba'a" ya yi sanyi da yawa.

Ni "zanen zambo" na zaɓa. Makaɗin fada in zai yi wa abokin gabar sarkinsa zambo, sai ya kama wata siffa tasa, tumbi ko hanci ko tafiya, ya kambama ta, wani lokaci ya maida shi dabba. Asalin kalmar Turawan ma daga Italiyanci take, ma'anarta a yi wa abu lodi. Kuma zambo yana da ɓangare, yana da zafi: a 1850 mai zane Richard Doyle, ɗan Katolika, ya ajiye aikinsa a mujallar Punch ta Landan saboda yadda take caccakar Fafaroma da Kadinal Wiseman, babban limamin Katolika na Ingila.

Wata 'yar'uwa ta ce zambo a baki yake, ba a takarda ba. Hajiya, ai shi ya sa muka sa "zane" a gaba. Mai yin sa kuma "mai zanen zambo". Mutanen Sakkwato da Damagaram, ya kuka ji shi a kunne?