Bos mai surutu ba ya ba da tsoro: gaskiya ne?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum. Ni dai na yanke hukunci. A finafinan kimiyya da sararin samaniya, duk bos ɗin da ya cika surutu ya zama abin dariya. Ya kama jarumi, bindiga na hannunsa, maimakon ya gama da shi sai ya tsaya yana bayanin yadda zai mallaki duniya. Kafin ya rufe baki an zo an ƙwace jarumin. Mai ja ya kawo hujja.

Anti Ladi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi kuɗin goro. Ka kalli The Matrix na 1999? Agent Smith ya ɗaure mutum a kujera, ya zauna yana yi masa dogon bayani cewa 'yan Adam cuta ce a doron ƙasa. Maganar da tsawo, amma wa ya yi dariya? Ba alfahari yake ba, ƙyamarmu yake ji har cikin ransa, kuma yana jan kalmomin a hankali don ya san ba inda mutumin zai je.

Ɗan Samaru: Anti, ɗaya ne cikin dubu. Dubi Terminator na 1984. Schwarzenegger da ƙyar yake buɗe baki, amma ko inuwarsa aka nuna sai gidan kallo ya yi tsit.

Anti Ladi: Wannan ai injin kisa ne. Muna zancen magana kana kawo mana wanda ba ya yi.

Malam na Kongo: Ku duka kuna auna tsawon magana, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. A 1968 Stanley Kubrick ya fitar da 2001: A Space Odyssey. Mugun ciki kwamfuta ce mai suna HAL 9000, ba ta da hannu ba ta da fuska, sai jan ido guda a jikin bangon kumbo. Wani ɗan Kanada, Douglas Rain, ya yi muryar. Ta kashe 'yan sama jannatin da ke barci, ta bar na ƙarshe a waje. Yana roƙon ta buɗe ƙofa, ita kuwa ta kira sunansa cikin ladabi, ta ba shi haƙuri, ta ƙi buɗewa. Babu tsawa babu zagi. Wanda ke maka ihu yana neman wani abu a wurinka, ko da tsoronka ne, don haka akwai sauran ciniki. Wanda ya ba ka haƙuri yana kashe ka ya riga ya gama shawara, sanar da kai kawai yake yi.

Bala Tudun Wada: Allah gafarta Malam, ina da ja kaɗan. Mu Hausawa mun san kirari. Ɗan dambe ya shigo fili, makaɗi na zuga shi, ya ɗaga murya yana faɗin waɗanda ya kayar, tsigar jikinka sai ta tashi. Ihu ne, cika baki ne, kuma yana ba da tsoro.

Malam na Kongo: Yana bayarwa, Bala, saboda 'yan kallo sun ga ya kayar ɗin. Wanda bai taɓa kai kowa ƙasa ba ya yi wannan kirarin ka ga ko ba a yi masa ature ba. Matsalar yawancin bosawan nan ke nan, tun farkon fim suke alwashi, har a tashi ba su cika ko ɗaya ba.

Anti Ladi: Kuma raha ma ba laifi ba ce. Darth Vader yana da baƙar magana. A Star Wars na 1980 yana shaƙe kwamandansa daga nesa ta allon sadarwa, a daidai lokacin yana gaya wa na kusa da shi an ƙara masa girma. Mutumin yana karɓar muƙami yana satar kallon maigidansa na zubewa ƙasa. Abin da ban dariya, amma ba wanda ke cikin ɗakin da zai iya yin ta.

Bala Tudun Wada: To ku ba murya haƙƙinta. David Prowse ne cikin baƙar rigar Darth Vader, shi ya furta kalaman a wurin ɗauka, sai aka cire muryarsa aka ɗora ta James Earl Jones. Ƙarar numfashin Vader kuma mai tsara sauti Ben Burtt ya naɗo ta daga na'urar shaƙar iska ta masu nutso a teku. Cire waɗannan biyun mu ga abin da rubutu kaɗai zai yi.

Ɗan Samaru: Nan na yarda da kai, Yaya Bala. Na taɓa kallon wani na fassara a gidan kallo a Sabon Gari. Bos ya jingina wa yaro makami a wuya, a asalin fim ɗin raɗa yake yi, mai fassara kuwa ya sa shi yana tambayar yaron ko ya ci tuwo. Benci har girgiza yake don dariya, wani ya zubar da kunun ayarsa. Daga nan duk fitowar bos ɗin sai tafi da shewa.

Anti Ladi: Ka ga kuwa ba tsawon maganarsa aka ƙara ba, juya shi aka yi ya koma yi wa 'yan kallo wasa ya manta da yaron da ke hannunsa.

Ɗan Samaru: Duk da haka, Anti, in ya wuce minti biyu yana bayani ni tura fim ɗin gaba nake yi.