Ina ake koyon aikin sulhu, kuma ta ina ake farawa?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. Matasan unguwa na son kafa kwamitin sulhu saboda rigimar fili da ta 'yan siyasa. Iyayenmu, ina ake karatun wannan aiki, kuma yaya ake zaman farko?

Malam Nima: Wa alaikumus salam, ɗana. Karatu mai zurfi akwai shi a cibiyar horar da masu wanzar da zaman lafiya ta Kofi Annan da ke Teshie a Accra, da Jami'ar Cape Coast, duk a nan Ghana. Amma kwamitin unguwa ba digiri yake buƙata ba. Ku nemi ofishin yankin Ashanti na Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, wadda doka ta 818 ta kafa a 2011, ku roƙi horo.

Hajiya Asawase: Abin da ke rusa sulhu shi ne gaggawar haɗa su wuri ɗaya. Mai fushi in ya ga jama'a, mutuncinsa yake karewa, ba gaskiya ba. A fara ganin kowane ɓangare shi kaɗai, sau biyu ko uku, har a gane abin da yake tsoron rasawa. Sau da yawa ba filin ba ne, wata kalma ce da aka faɗa gaban mutane. Ranar zama, kada a yi a gidan ɗayansu, kada kowane ɓangare ya wuce mutum uku, 'yan rakiya su tsaya waje, waya a aljihu. Mai magana ba a katse shi, in ya gama mai sulhu ya maimaita abin da ya ji har ya ce haka ne. A fara da ƙaramin batu da za a iya daidaitawa ranar. Kuma a sa mata, su suka san inda wutar ta tashi. Haƙuri dole ne: an kashe Ya Na, sarkin Dagbon a arewacin Ghana, a Yendi a 2002, sai 2019 aka naɗa sabo, bayan dogon aikin sulhu na manyan sarakuna uku: Otumfuo na Ashanti da Nayiri na Mamprusi da Yagbonwura na Gonja.

Malam Nima: Gaskiya ne, Hajiya. Ƙari ɗaya: musafaha da fatiha ba su isa ba, a rubuta. A ƙarƙashin doka ta 798 ta 2010, wato dokar sasanta rikici a wajen kotu, yarjejeniyar da ɓangarorin suka sa wa hannu tana ɗaure su. A rubuta wa zai yi me, nawa, wace rana. In fili ne a kira safiyo ya kafa iyaka. Kisa, fyaɗe da fashi kuwa ba na kwamiti ba ne, na 'yan sanda da kotu ne.