Neman shawara: ina zan ga tsuntsayen da ke ratsa Riyad?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a nan Riyad. Wani malaminmu ya nuna mana hoton wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa, na fadamun Basra a kudancin Iraƙi. A can yake ƙyanƙyasa, sai ya ratsa Saudiyya ya tafi cin rani Gabashin Afirka. Tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Na ari darbil, wato madubin hangen nesa, na je kwarin Wadi Hanifa sau biyu a watan Yuli, bayan la'asar, ban ga komai ba sai kurciya. Ina kuskuren yake?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Ɗana, ai ka je kasuwa ne bayan ta watse. A Yuli babu matafiya. Masu tafiya kudu suna wucewa daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, masu komawa arewa kuma daga Maris zuwa Mayu. Na bazara ya fi daɗi, don mazan sun yi ado, wasu har suna ɗan rera kuka. La'asar ma ka bar ta. Yawancin ƙananan nan da dare suke tafiya, da gari ya waye su sauka neman ruwa da ƙwari. Ka yi asuba a hanya, rana ta fito ta same ka a Ha'ir, kudu da Riyad, inda ruwan birni da aka tace yake gudana ta cikin ciyayi masu tsawo. Naka na Basra a irin wannan duhuwar yake ɓuya. Amma gaskiya, ni sai a shekara ta uku na tabbatar na gan shi, don yana da 'yan uwa masu kama da shi sosai. Dogon bakinsa za ka duba, da cikinsa mai launin fari.

Maman Sadik: Ƙanina, kada ka ƙwallafa rai a kan guda ɗaya. Akwai mai shuɗin maƙogwaro da ke kwana da mu duk lokacin sanyi, a bakin ruwa. Akwai kuma wani mai farin gindi da ke tsayawa a kan duwatsu, nauyinsa wajen giram 25, amma wasunsu daga Alaska suke tasowa, tafiyar kusan kilomita 14,500 kafin su kai Afirka. Ni da na ji haka sai da na yi tasbihi.

Abu Fahad: Malam, sa manhajar Merlin ta gane tsuntsaye a waya, ka kuma duba eBird, shafin masu kallon tsuntsaye, ka ga abin da mutane suka gani kwanan nan. Kada ka sa farar jallabiya, daga nesa za su hango ka. Idan wani ya ce ku kafa raga ku kama, ka ƙi, akwai tara mai nauyi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, in za ku fita a Satumba, akwai wuri a motar?

Baban Amira: Akwai. Kai za ka zo da shayi.