An kulle layin da ke cikin iPad ɗina, don Allah ku ba ni shawara

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule. Ni tela ce, ɗinkin amare nake yi, kuma yawancin masu kawo mini aiki gida nake bin su in ɗauki awo in nuna musu samfuri. Da a littafi nake zana musu, daga baya na koma waya, amma fuskarta ta yi ƙanƙanta, uwar amarya sai ta ce ita ba ta ga komai ba. To yayan maigidana da ke Amurka ya zo bikin autarsu, ni na ɗinka wa dangi anko kaf, ban karɓi ko sisi ba don ni ma bikina ne. Dare da rana ina kan keke har ƙafata ta kumbura. Da zai koma sai ya kira ni gaban Hajiya, surukata, ya miƙo mini iPad a kwalinsa ya ce ga tukuici, ki riƙa zane da shi. Kowa ya sa albarka, Hajiya har da hawaye, don ta san yadda muka fara zama da ita ba daɗi kafin Allah Ya daidaita mu.

Yanzu ga matsalar. Na je ofishin kamfanin layina don a sa mini eSIM a iPad ɗin, wato layin da ba shi da kati, na ba da NIN, aka ɗauke ni hoto, aka ba ni takarda mai lambar QR. Aka gwada, ya ƙi karɓa. Yarinyar da ke wurin ta duba ta ce a kulle yake, sai daga can za a buɗe. Akwai wanda zai iya buɗe mini a nan? Sallah na matsowa, aiki ya yi mini yawa.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, wannan tsohon zance ne, na daɗe ina ganin irinsa a shago. A 2014 da Apple ya fito da nasa katin layi mai suna Apple SIM a iPad Air 2, kamfanin layin Amurka AT&T ya riƙa kulle katin ya zama nasu kaɗai da zarar an yi rajista da su. A 2016 da iPad Pro mai inci 9.7 ya zo da layi manne a cikinsa, wasu kamfanonin Amurka suka riƙa kulle na cikin, amma ramin saka kati a buɗe yake. Ki manta da eSIM, ki sa allura ki fito da tiren da ke gefe, ki saka katinki. Shi ke nan.

Ummu Khalil:
Wane iri ne iPad ɗin? Kuma sabo ya saya ko na hannu? Ba ki faɗa ba.

Maman Hanifa:
Injiniya na duba ko'ina wallahi, babu rami ko ɗaya. A kwalin an rubuta iPad Air, M2. Ummu Khalil sabo ne mana, mutumin nan ba zai ba ni na hannu ba.

Injiniya Bala:
To ai da kin faɗa tun farko. Daga 2024 iPad Air mai M2 da iPad Pro mai M4 ba su da tire, eSIM ne zalla. Ki shiga Settings, General, About, ki sauka inda aka rubuta Carrier Lock. In kin ga No SIM restrictions a buɗe yake, matsalar daga takardarki ce. In kuma SIM locked ne, ki saurare ni da kyau: kullen ba a jikin na'urar yake ba balle a ciro shi da sukudireba. Lambar IMEI ɗinsa, wato lambar shaidar na'urar, ita ce aka yi wa rajista a matsayin ta kamfanin da ya sayar. Apple da kansa ba ya buɗewa, sai wannan kamfanin ya ba da izini. Duk wanda ya ce miki zai yi filashin ya buɗe, kuɗinki yake so.

Ɗan Birni:
Injiniya kar ka yanke mata ƙauna. Akwai yaran da ke buɗewa ta intanet, a ba su IMEI a jira. Abokina an buɗe masa waya haka.

Injiniya Bala:
Waya daban, wannan daban. Su ma yaran nan roƙon buɗewa suke turawa kamfanin. Idan akwai bashi a kan na'urar ba inda za ta je.

Maman Hanifa:
SIM locked aka rubuta. Amma wane bashi kuma?

Injiniya Bala:
A Amurka mutane da yawa ba sa biyan kuɗin na'ura lokaci ɗaya. Kamfanin layi ke ba ka ita, ana cire kuɗin kaɗan-kaɗan duk wata, shekara biyu ko uku. Shi ya sa suke kullewa, kada ka kwashi kaya ka koma wani kamfanin. Sharaɗin da aka fi sani shi ne a gama biya, asusun ba bashi, kuma ba a kai rahoton sata ko ɓata ba. Mai asusun ne zai nemi a buɗe. Ki kira shi ki tambaye shi ko ya gama biya.

Maman Hanifa:
Haba Injiniya. Yayan mijina ne fa, babba ne a gidan. Mutum ya yi mini kyauta a gaban mahaifiyarsa, sai in ɗaga waya in ce Yaya ka gama biyan kuɗin kuwa? Wallahi bakina ba zai iya ba. In maganar ta koma kunnen Hajiya cewa za a yi na raina kyauta.

Abban Sadiq:
Ni abin da ke ci mini rai ke nan da 'yan uwanmu na waje. Ƙanina ya aiko mini da waya, ina murna, ashe bai gama biya ba. Da ya rasa aiki ya daina biya, wayar ba ta taɓa karɓar layi ba, yara ke kallon katun da ita yanzu. Har yau in na yi maganar sai a ce ba ni da godiya. Kuma ni na riƙe masa gidansa da yaransa duk tsawon tafiyar nan, ko sannu.

Hajiya Talatu:
Allah Ya ba ka haƙuri Abban Sadiq. Maman Hanifa 'yata, ba ke za ki yi maganar ba. Maigidanki ɗan'uwansa ne, shi zai faɗa masa cikin hira, ba sai an ambaci bashi ba. A ce kawai ya ƙi karɓar layin Najeriya, yaya za a yi? Shi da kansa zai gane.

Maman Hanifa:
Mama na gode, amma ba ku san yanayin ba. Akwai 'yar magana tsakaninsu a kan filin gado tun bayan bikin, ba sa waya sosai. Ba na son a ce ta kaina aka sake buɗe wata ƙofa.

Malam Nura:
Ni ban ga abin wahala ba. Ki kunna hotspot a wayarki ko ki sayi MiFi, 'yar na'urar nan mai ba da Wi-Fi, ki jefa a jaka. iPad dama ba a kiran waya da shi yadda aka saba, data kawai yake ci. Kullen bai hana Wi-Fi aiki ba.

Maman Hanifa:
Na gwada hotspot, wayata zafi take yi batir ya ƙare, ga wuta ba kullum ba. MiFi kuma wani abin caji ne aka ƙara mini. Kuma eSIM ɗin da na riga na yi fa? Asara ke nan?

Ummu Khalil:
Ai data ma yanzu sai mai hali. Tun ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a farkon 2025 ni na daina kallon bidiyo gaba ɗaya. In sayi ta wata guda ta ƙare kafin wata ya raba, in kira su a ce in duba saitin wayata.

Ɗan Birni:
Ki sayar kawai ki sayi wanda ba a kulle ba.

Injiniya Bala:
In ta kai kasuwa da kuɗin mai Wi-Fi zalla za a saye shi, ko ƙasa da haka, don duk ɗan kasuwa About yake fara dubawa. Ku ji ni, duk mai sayen kayan Amurka ya duba wurin nan kafin ya ba da kuɗi. Kayan Kanada da Ingila sun fi sauƙi: Kanada ta wajabta sayar da waya a buɗe tun Disamba 2017, Ingila ta hana sayar da kullalliya tun Disamba 2021. Na sha faɗa a nan ba a ji. Hajiya hanya ɗaya ce, mai asusun ya nemi a buɗe. Sauran duk zagaye ne.

Maman Hanifa:
Sayarwa ma ba ta taso ba, in Hajiya ta tambaye ni ina yake in ce mata me? Wani yaro a kasuwar waya ya ce in kawo N40,000 zai gwada, in bai buɗu ba ya mayar mini da rabi. Ina ganin zan kai masa ranar Asabar.

Hajiya Talatu:
Kar ki bar masa na'urar ta kwana a shagonsa, kuma kar ki ba kowa kalmar sirrin iCloud ɗinki.

Injiniya Bala:
Rabin da zai riƙe shi ne cinikinsa. Na faɗa miki.

Maman Hanifa:
Ai bai ce tabbas ba, gwadawa ya ce, kuma maƙwabciyata ta san shi. Ko ba komai na san na yi ƙoƙarina kafin in tayar da magana a gidan miji.

Sani Mai Shago:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Ni Samsung Galaxy Tab ce, tana da ramin kati amma in na saka sai ta nemi wata lamba ta buɗewa. Wanda ya sayar mini ya bar garin. Ita ma sai daga Amurka, ko akwai dabara?